Wanda Ya Nemo Kabarin Haladu

Mutum na farko da ya tare mu a filin jirgin Mosko bai gaishe mu ba. Hannu ya miƙo, ya ce fasfo. Muka ba shi, ni da Haladu, ya zuba a aljihun rigarsa ta fata, ya nuna mana mota. Ban sake ganin fasfona ba sai ranar da za a koro ni.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, a kasuwar Kawo na tashi. Haladu ma haka, teburinsa na kallon nawa. Shi Bakano ne, ni Bazazzage, don haka tun muna samari ba mu taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba. Wani ejan mai ofis a Doka, Alhaji Mamman, shi ya ce mana wani kamfanin kaji a Rasha yana neman Musulmi masu yanka, don ƙasashen Larabawa suke kai wa nama. Ya ce ai aikin hannunmu ne, bisimilla da wuƙa. Takardun da ya shimfiɗa mana ban iya karanta ko layi ɗaya ba a lokacin, don ban shiga ajin manya ba tukuna. Yatsa na dangwala.

Daga Mosko aka saka mu a jirgin ƙasa, muka yi ta tafiya cikin itatuwa da ƙanƙara har na daina leƙa taga. Haladu ya lulluɓa da bargon jirgi, ido kawai a waje, ya ce, "Shu'aibu, ka ga ƙasar da ta dace da Zagezagi. Ba rana, ba aiki, sai kwanciya."

Na ce, "Kai kuma da za a ce ana sayen ƙanƙarar nan, da ka fara ɗura ta a buhu."

Kamfanin yana bayan wani gari, an zagaye shi da waya. Yankan da aka ce za mu yi, inji ne ke yin sa. Mu namu mu tsaya a gefen layi muna bisimilla, kaji na wucewa a rataye da gudun da baki ba zai iya bi ba, don in masu saye sun zo dubawa a nuna musu cewa akwai Musulmi. In ba su nan, sai a tura mu ɗakin sanyi ɗaukar kwali. Bizar da aka shigo da mu da ita ta baƙi ce masu yawon buɗe ido, ta daɗe da mutuwa, kuma manajan kamfanin ya san mun sani. Shi ya sa ko ƙofa bai cika kullewa ba.

Mutum ɗaya ya riƙe mu a wurin, Rustam, ɗan ƙasar Uzbek, mai dafa wa ma'aikata abinci. Ranar da ya ga ina alwala da ruwan famfo yatsuna sun ƙage, ya ɗora mini ruwa a butar shayi, ya nuna mana alƙibla da ludayi. Ya ba Haladu safa biyu na ulu. Turancinsa tsinci-tsinci ne irin nawa na bakin tasha, da shi muke fahimtar juna.

Wata safiya bututun iskar da ke sanyaya ɗakin nama ya fashe. Warin ya riga ƙararrawa isowa, wari mai yanka ido da maƙogwaro. Kowa ya yi waje. Da na waiga ban ga Haladu ba, sai na tuna an tura shi can ciki kwaso kwali. Na jiƙa rigata na toshe hanci, na shiga, na jawo shi ta ƙafa. A kan ƙanƙarar tsakar gida na ɗora kansa a cinyata. Kumfa na fita ta bakinsa. Na yi ta yi masa kalmar shahada a kunne, leɓensa ya motsa, sannan ya saki. Ni na rufe masa ido. Motar asibiti ta zo, suka ɗauke shi, suka hana ni shiga.

Bayan kwanaki na matsa wa manaja a ba mu gawa mu yi mata sutura. Ya kira Rustam ya fassara. Rustam ya saurara, ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya buɗe baki.

"Wai abokinka ya farfaɗo a asibiti, ya tsere. Wai in ka san inda yake ka faɗa."

Na ce a maimaita. Aka maimaita. Manajan na juya cokali a kofin shayi yana kallona. Ni mutum ne mai haƙuri, a Kawo an san ni da shi, amma ranar sai da Rustam ya riƙe mini hannu biyu ya tura ni waje.

Da wayar Rustam na kira Malam Sabo, yayan Haladu. Na yi masa ta'aziyya. Sai ya ce, "Shu'aibu, Alhaji Mamman ya riga ka zuwa. Ya ce kamfani sun kira shi, Haladu ya gudu, an ce ma da wata Baturiya."

"Yaya Sabo, a cinyata ya cika."

"Ka wanke shi?"

"A'a."

"Ka yi masa salla? Ka ga kabarinsa?"

"Ba su ba ni shi ba."

"To, me kake so in gaya wa Saude? In ce ta shiga takaba, gobe mijinta ya yi sallama? Ƙila suma ya yi ka ɗauka mutuwa ce. Ka bari mu ji."

Saude ita ce matar Haladu, ga yara a gabanta. Daga ranar ta zama ba mai miji ba, ba wadda miji ya mutu ya bari ba. Ba ta'aziyya, ba addu'a, ba rabon gado, sai matan unguwa da ke nuna ta da baki, matar wanda ya bi Baturiya. Wannan ne ya hana ni sukuni, ba sanyi ba.

Rustam ne ya kai ni wurin ɗan jaridar. Ya ce akwai wani tsoho a cikin gari da ya taɓa rubutu a kan 'yan ƙasarsu da aka hana albashi. Sunansa Semyon. Bakina ya kasa, na mayar da shi Saminu, shi kuma ya karɓa. Ranar hutu muka same shi a wani shagon shayi kusa da kasuwa. Dogo ne siriri, yana ɗingishi, haƙoransa na gaba babu, rigar sanyinsa an yi mata faci a gwiwar hannu. Na ce a raina, wannan ne zai ja da masu kamfani?

A hanya Rustam ya riga ya ba ni tarihinsa, sauran shi ya cike mini daga baya. Ya fara aiki tun zamanin tsohuwar gwamnatinsu, lokacin da ake kai kowane shafi gaban wani jami'i ya duba kafin a buga. Da gwamnatin ta rushe, shi da abokansa suka kafa jaridarsu a garin, har mutane na yin layi cikin ƙanƙara su saya. Daga baya abin ya fara komawa gidan jiya. Masu injin bugawa suka ce ba za su ƙara buga musu ba, suka riƙa kai ta wani gari su dawo da ita a bayan mota. Aka rufe ofishinsu, suka buɗe wani, aka rufe. Abokin aikinsa aka tare shi a ƙofar gida aka yi masa dukan da bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Haƙoran Saminu ma a irin wannan suka tafi. Sai ya koma bin kotuna. Duk inda aka gurfanar da ɗan jarida, ko ina ne, zai hau jirgin ƙasa ya je ya zauna a benci na gaba, don alƙali ya san akwai mai kallo. A ƙarshe hukuma ta laƙaba masa suna yaron ƙasashen waje, aka tilasta masa ya riƙa rubuta hakan a saman duk abin da ya wallafa. Lokacin da na san shi ba shi da ofis, ba ma'aikaci, sai waya da shafi a intanet.

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya tambayi kamannin Haladu. Na ce baƙi ne gajere, ɗan yatsansa manuni na hagu rabi ne, wuƙa ta cire tun yana yaron shago. Sai ya ce, da Turancinsa mai nauyi, "Ba zan rubuta ba tukuna."

Na ce, "Don me?"

"Kai kaɗai ne. Ni ba na wallafa magana sai na ji ta a baki biyu da ba su san juna ba."

Wuta ta taso mini. Na ce, "Kai ma? Manaja ya ce ƙarya nake, ejan ya ce ƙarya nake, yayansa ya ce suma ce, yanzu kai ma? Ni mahauci ne! Tun ina yaro nake ganin rai yana fita daga jiki. Ni za a koya wa bambancin suma da mutuwa?"

Mutanen shagon suka juyo. Shi ko gezau. Ya tura mini kofin shayi, ya ce, "Na yarda da kai. Amma yardata ba ta da amfani. In na rubuta da bakinka kaɗai, gobe za su kawo likita ya ce ya ga abokinka yana tsallake taga, shi ke nan sun binne shi sau biyu. Ka ba ni lokaci."

Na tashi ban sha shayin ba. A mota na ce wa Rustam, tsohon nan matsoraci ne. Rustam ya ce, "Matsoraci da haƙoransa yake tsufa a ƙasar nan."

Aka ɗauki makonni. Ni ina ɗakin sanyin da ya ci Haladu, an ɗaure bututun da waya, ina ɗaukar kwali. Saminu kuwa yana yawo da ƙafarsa mai ciwo. Asibiti suka kore shi. Direban motar da ta ɗauki gawar ya rufe masa ƙofa a fuska. Wata ma'aikaciyar ɗakin ajiye gawa ta yi masa alkawari, da ya koma ta ce ba ta san shi ba. Duk wannan Rustam ke kawo mini, ni kuma ina cewa ai na faɗa. Sai Saminu ya koma bin maƙabartu ɗaya bayan ɗaya, yana zama da masu haƙa, yana shan taba tare da su.

Ƙanƙara ta fara narkewa ranar da ya aiko mu zo, ni da Rustam. Maƙabartar na can ƙarshen layin bas. Gaba duwatsu ne masu hotuna da furanni. Can baya, kusa da inda suke zubar da shara, fili ne na taɓo da aka kakkafa 'yan sanduna, kowace da lamba. Nan suke saka wanda ba shi da kowa.

Mai haƙan wani dattijo ne ja, yana warin giya. Saminu ya ce mini, "Ban gaya masa komai a kan abokinka ba. Baƙin mutum kawai na tambaya. Saurara." Ya yi masa magana da yarensu. Dattijon ya ce an kawo wani a baƙar leda, da suna sauke shi ledar ta yage, hannu ya fito. Bai taɓa binne baƙar fata ba, shi ya sa ya duba. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu, ya lanƙwashe manuninsa rabi, ya nuna mana.

Ya kai mu gaban wata sanda. A leda. Ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya san ina fuskarsa ke kallo. Mutumin da in an yi rasuwa a Kawo shi ke fara rufe tebur ya ɗauki diga. Da takalmin aiki suka jefa shi kamar mushen kaza.

Na tsaya gaba, Rustam a bayana, muka yi masa salla a kan kabarin. Saminu ya cire hularsa ya tsaya gefe cikin taɓo har muka idar.

Sannan ya fito da waya. Mai haƙan ya yarda a ɗauki muryarsa da hannunsa, ban da fuska. Rustam ya matsa nesa, yana da iyali a ƙasar, ban ga laifinsa ba. Saminu ya ce ni ma zai rufe fuskata, ya canza mini suna.

Na ce, "Ba za ka rufe ba."

"Za su kama ka. Ba ka da takarda. Albashinka da suke riƙe da shi ya tafi."

"In ka rufe fuskata, a Kawo wa zai yarda? Mutumin da ya ɓoye fuska yana magana, a wurinmu gulma yake yi, ba shaida ba. So nake yayan Haladu ya ga bakina, ya ga sandar nan."

Na ce, "Kai fa? Naka sunan za ka ɓoye?"

Ya yi dariya, dasashi a waje. "Nawa ai dole ne in sa, har da kirarin da gwamnati ta yi mini a sama." Sannan ya daina dariyar. Ya ce akwai shari'ar da aka yi masa ɗaurin talala a kanta. In aka sake kai shi gaban alƙali, ba gida zai dawo ba. Kuma mai kamfanin kajin surukin wani babba ne a jihar.

Na ce, "To ka bari. Ka ba ni hoton kawai in aika gida."

"In na ba ka kai kaɗai, matarsa za ta sani. Bututun kuma yana nan ɗaure da waya. Tsaya nan, rana na bayanka."

Na tsaya, na faɗi sunana da na mahaifina da unguwarmu, na faɗi abin da na gani, da Hausa sannan da Turancina.

Labarin ya fita, bai kwana biyu ba 'yan sanda suka zo kamfani. Ba bututu suka zo dubawa ba, ni suka zo ɗauka. Aka kai ni gidan da suke tsare waɗanda za a kora, ɗaki ɗaya da mutanen ƙasashe iri-iri, miyar kabeji safe da yamma. Na daɗe a nan har na daina lissafi. Saminu na zuwa ranar ziyara da burodi da ganyen shayi. Wata rana har da dabino, ban san inda ya samo shi ba. Ta bayan gilashi ya ce mini kamfani sun kai shi ƙara, wai ya ɓata musu suna da labarin ƙarya, an kuma sa an toshe shafinsa. Mai haƙan kabarin an sallame shi daga aiki. Amma hoton ya riga ya bazu, mutane na tura wa juna.

Na ce, "Baba Saminu, ka gudu mana. Irinku ai suna fita."

Ya ce, "Da wannan ƙafar? Kuma in na tafi, wa zai zauna a benci na gaba?"

Ziyarar da ta biyo baya bai zo ba. Rustam ne ya zo, ya ce an tafi da Saminu daga cikin kotu. A nasa zaman shari'ar, bencin gaba matarsa ce kaɗai a kai.

Aka sa ni a jirgi da kayan jikina. Na iso Kawo da rana tsaka, na wuce Doka don in ga Alhaji Mamman. Ofishin na nan, an ma yi masa sabon fenti, samari na zaune a benci da fayil a hannu. Yaransa suka ce ya yi tafiya. Na tsaya a ƙofar na faɗa wa samarin abin da zan faɗa da ƙarfi. Wasu suka tashi, wasu suka gyara zama.

Bayan la'asar na je gidan Malam Sabo. Ya kira limamin unguwa, aka shimfiɗa tabarma a zaure, Saude na tsaye daga bayan ƙofar cikin gida. Rustam ya turo mini hoton a wata waya da na aro. Na kunna na ajiye a tsakiya. Suka ga taɓon, suka ga sandar, suka ga hannun dattijon da yatsa a lanƙwashe. Malam Sabo ya sa a maimaita wurin. Amma bakinsa bai saki ba.

"Alhaji Mamman ya ce Baturen nan biyansa ake yi ya ɓata ƙasarsu. Ya ce gwamnatinsu ma ta rubuta a kansa. Kuma Malam, wannan ba Musulmi ba ne, mai haƙan kuma an ce mashayi ne. Shaidarsu ta hau?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Yaya Sabo, ka gafarce ni, ka girme ni. Mutumin nan bai san Haladu ba, bai taɓa cin naman teburinsa ba. Da gurguwar ƙafa ya bi maƙabartu har ya nemo ƙaninka a bayan juji. Yanzu haka yana kurkuku saboda shi. Wanda ya sayar da mu yana Doka yana fenti. Shi ka yarda da shi don yana sa babbar riga yana salla a sahun gaba? Kai da kuka fito ciki ɗaya, ina ka taka ka tambaya?"

Liman ya ce, "Zauna, Shu'aibu." Na zauna. Malam Sabo ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Sai a lokacin na gane ba Alhaji Mamman ya yarda da shi ba, ƙaninsa ne ba ya so ya mutu.

Liman ya ce nan ba kotu ba ce, abin da ake nema yaƙini ne, kuma ya samu. Ya yi salati, ya yi wa Haladu addu'a, muka shafa. Sannan ya tambaye ni watan da abin ya faru. Na faɗa masa. Ya ɗan yi lissafi da yatsu, ya juya wajen ƙofar.

"Saude, kina ji? Allah ya ba ki haƙuri. Ita takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta. Taki ta riga ta cika tun tuni, ba ki sani ba. Babu komai a kanki."

Sai muryarta ta fito, ba kuka a ciki.

"Malam, wato na gama takabar mijina ina sa kwalli, ina wanke masa kaya ina jiran ya dawo?"

"Ba laifinki ba ne, 'yata."

"Na san ba laifina ba ne. Sun hana shi likkafani, ni kuma sun hana ni zaman. To, ni yau ya mutu."

Muka ji ƙarar awarwaro, tana zare su ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan siminti. Malam Sabo ya share fuska da hannun riga, ya tashi ya fara fitar da tabarmi ƙofar gida.